Wasan Wutar da Na Kai Ingila

Mako biyu muka yi a kan ruwa, ni da Kawu Bawa, kafin jirgi ya ajiye mu a Ingila. An ce mana lokacin zafinsu ne, amma tun kafin mu gama sauka haƙorana ke kaɗawa. Kawu ya rungume dundufarsa da ya naɗe da tsohon bargo, ya dube ni ya ce, "Isiyaku, in wannan ne zafinsu, Allah shi raba mu da ganin sanyinsu."

Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, daga Tamawa ta ƙasar Kurfi. A lokacin ina da 'yar rumfa a kasuwar Dutsin-Ma, ina ƙirar lauje da fartanya, in kuma biki ya kama a gidan maƙera ni ake kira wasan wuta. In Kawu ya ɗora sanda a kan dundufa, wato gangarmu ta maƙera, ya shiga kiran kakannina ɗaya bayan ɗaya, sai jikina ya tsima, in ciro ƙarfe jajir daga wuta in riƙe da hannu, in lasa, in goga a ƙirji. Gado ne, ban taɓa tambayar yadda aka yi ba. Kawu yayan mahaifiyata ne, mutumin Wurma, a lokacin ya ba sittin baya.

Wanda ya kawo mu sunansa Mista Jona, mutumin ƙasar Salo ne da ya taɓa yin akawu a wani kanti a Funtuwa, Hausa a bakinsa kamar a nan aka haife shi. Ya gan mu a wani biki a Dutsin-Ma, shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai. Ya ce Turawa na shirya baje kolin sana'o'in ƙasashe, suna son maƙerin Hausa ya nuna musu yadda ake ƙira, wata huɗu kawai a dawo da mu. Shi ya sa na taho da masaba da awartaki da zugazugi, har da ƙaramar uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan ƙira a kansa. Tun a tashar jirgin ruwa ya karɓi fasfo ɗinmu, ya ce a ƙasar nan takarda ake sata, ba tumaki ba.

Jirgin ƙasa ya kai mu wani gari a bakin teku. Ba baje koli muka tarar ba. Wani makeken fili ne da aka kewaye da katanga, ba a komai a cikinsa sai wasa. Ga lilo iri-iri, ga dawakin katako suna zagayawa, ga wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke hawa gadar katako mai tsawon rimi biyu ya gangaro da gudu, manya masu furfura a ciki suna ta ihu. Na tambayi Mista Jona ko wane biki ake yi. Ya ce ba biki ba ne, haka suke yi kullum har zafi ya wuce. Na ce to yaushe suke zuwa gona? Sai ya yi dariya.

A tsakiyar filin akwai dandamali na katako mai labule, da kujeru a jere a gabansa, ba rufi a kansu. A bakin ƙofa an kafa allo mai hoton wani baƙin mutum da wuta a baki, da rubutun boko a ƙasa. Mai kula da dandamalin wani siririn Bature ne, Mista Hali, kullum agogo a hannu, ƙararrawa a ɗaya hannun. Shi ya aiko mana da kayan da za mu sa: ƙyalle mai zanen fatar damisa, da hular gashin tsuntsu, da sarƙar ƙasusuwa.

Kawu ya ɗaga ƙyallen da yatsu biyu ya ce wa Mista Jona, "Ka gaya mashi ni na yi jikoki. Ba ni tuɓe riga gaban mutane."

Aka yi ta ja-in-ja da Turanci. Daga ƙarshe aka bar wa Kawu rigarsa, amma ya ɗora hular gashin a kan tasa. Ni kuwa na ɗaura walkina na fata, aka rataya mini damisar a kafaɗa. Na tambayi inda zan kafa uwar maƙera. Mista Jona ya ce, "Ƙira tana gaba. Yanzu wuta suke son gani."

Ranar farko wasa ya yi kyau. Na hura gawayi a cikin kasko, Kawu ya kama kiɗa, na ɗauki ƙarfe. Mata suka rufe ido, maza suka miƙe tsaye, aka yi ta tafi. Na koma bayan labule ina jin daɗi, sai ga Mista Hali yana nuna mini agogo yana faɗa. Wai mun cinye lokacin wata mata mai wasa da karnuka. A can sau huɗu ake wasa a yini, kowa da mintocinsa. Mu a gida ana iya shekara ba a yi wasan wuta ba, in kuma aka fara ba mai cewa a tsaya sai jiki ya sauka. Mista Jona ya ce a rage kirari.

Kawu ya ce, "Kakanninshi goma sha ɗaya ne. Wanne zan bari?"

"Kira uku, Baba. Ba wanda ke jin abin da kake faɗa."

"Shi shina ji," in ji Kawu, yana nuna ni.

Uku ɗin ya koma kira. Sauran takwas kan hanyarmu ta zuwa fili yake kiran su a hankali, ba kiɗa, kamar mai lazimi.

Ba mu cika mako ba muka zo da safe muka ga an ɗaga jar tuta a kan wani dogon ƙarfe. Rana fes, 'yan kallo sun cika kujeru. Na sunkuya zan hura wuta, Mista Hali ya rugo ya taka bakin zugazugin da takalmi. Mista Jona ya ce yau ba wuta, in fita in yi rawa. Na ce ni ba ɗan rawa ba ne, maƙeri ne. Ya ce in dai yi wani abu. Haka na fita na tsaya a gaban mutane hannu biyu ba komai, Kawu na kiɗa, ina ɗaga ƙafa ina ajiyewa, har aka buga ƙararrawa. Na tambayi laifin da na yi, ya ce ba laifi, iska ce. Na ɗaga kai, iskar ko hula ba za ta tuge ba.

Bayan kwana biyu aka tashi da yayyafi. Tuta ba ta sama. Mutane suka zo da laimominsu suka zauna suna jira, amma sai wata murya ta fito daga lasifika, suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka watse. An fasa wasa saboda ruwa. To, na ce a raina, ba a yi da iska, ba a yi da ruwa, ashe ranar da gari ya yi kyau ita ce tamu. Ranar Lahadi gari ya yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba a can, ba gajimare, ba iska, har na cire bargo. Muka shirya da wuri. Mista Hali ya leƙa ta labule, ya girgiza kai, ya ce an fasa na farko da na biyu. Na ce don mi? Mista Jona ya ce don rana.

Na zauna a kan akwatin kayana na riƙe kai. Kawu ya ce, "Ɗana, bar wahalar da kanka. Mutanen da rana ba ta faɗuwa garinsu sai an yi barci an farka, mi za ka gane masu?"

Gaskiyarsa. Mun sha wuya da lokacin salla, don sai mu gaji da jiran magariba gari na nan tangaran. Wasu Larabawan Maroko uku masu wasan alkafura su suka nuna mana alƙibla, suka kuma nuna mana abincin da za mu guje wa. Muka koma burodi da kifi da dankali, har warin kifi ya fita raina. Abin da ya fi damuna ruwan sama. Na san a gida damina ta kankama, mutane na neman wanda zai gyara musu fartanya, ni kuma ina tsaye bakin taga ina kallon ruwa yana zuba cikin teku a banza.

A irin wannan rana ta ruwa, an fasa wasa, ina yawo a bayan gadar katakon nan, sai na ji ƙarar masaba a kan ƙarfe. Ƙafata ta bi sautin ba da shawarata ba. Na tarar da wata rumfa ta kwano, a ciki wani tsohon Bature mai ƙaton tumbi yana dukan ƙarfe. Na tsaya a ƙofa ina kallo. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi tsagen fuskata, sai ya ce, "Sanu! Kai lafiya? Gida lafiya?"

Saura kaɗan in faɗi. Ashe ya yi sajan a yaƙin Bama tare da sojojinmu, a can ya tsinci Hausar bariki. Shi ke gyaran ƙarafan lilo da na jirgin nan. Ban taɓa riƙe sunansa ba, Sajan nake ce masa. Ya ba ni shayi a wani tsohon gwangwani, ya miƙo mini masaba. Na buga ƙarfe sau uku, idona ya ciko.

Shi ya fara warware mini abin. Ya nuna gadar katako, ya nuna rumfuna, ya ce, "Duba. Duka katako, duka fenti. Iska ya ɗauki wuta ƙarami, ya kai can. Mutane da yawa, ƙofa biyu. Ka gane?" Na gane. Ruwa kuma, ya ce wayar lantarki na bin ƙarƙashin dandamali, katako kuma na santsi, ɗan alkafura zai karya wuya. Rana fa? Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Rana ya fito, duka Bature ya tafi bakin ruwa ya kwanta. Kujera ba mutum. Wa za ka yi wa wasa?"

Na koma masauki da murna na gaya wa Kawu yanzu na san kan abin. Washegari ba iska, ba ruwa, ranar ma daidai wa daida, kujeru cike. Sai ga wani Bature mai baƙar hula da maɓallan azurfa, daga ofishin 'yan kwana-kwana, masu kashe gobara. Ya auna daga kaskona zuwa labule da igiyar awo, ya auna zuwa kujerar farko, ya shinshina gawayi, ya rubuta. Daga ranar ba a sake barin mu hura wuta a kan dandamali ba. Na tambayi Sajan, ai wata guda muna yi ba wanda ya hana. Ya ce wancan jami'in ya yi ritaya, wannan sabo ne.

Na ɗauka za a mai da mu gida. A maimakon haka Mista Hali ya kawo mini wani kasko da aka sa wa jan ƙwan lantarki a ciki aka rufe da gawayin ƙarya, da sandan ƙarfe da aka shafa wa jan fenti a baki. Mista Jona ya ce in ciro shi in riƙe, in ɓata fuska, in lasa, daga nesa ba mai ganewa.

Na ce, "Wannan ai ƙarya ce."

Ya ce, "Wasa ne. Duk abin da ke filin nan haka yake. Ko ka ɗauka dawakin can na gaske ne?"

Da muka keɓe, Kawu ya dube ni. Ya ce, "Ni ba ni kiran kakanninka a kan fenti." Daga nan in mun hau, kiɗan noma yake yi, yana waƙar gero da dawa, Turawa na tafi. Ni kuwa ina lasar fenti sau huɗu a yini, harshena ya yi ja, ɗacinsa ba ya barin bakina ko na ci abinci. Wata rana wani mashayi ya hauro dandamali ya fizge ƙarfen daga hannuna, ya ɗaga sama, ya manna a kumatunsa. Dariyar da aka yi ranar har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Washegari aka kafa igiya tsakaninmu da 'yan kallo, aka matsar da mu can baya kusa da labule.

Ana cikin haka wasu ɗalibai 'yan ƙasarmu suka zo yawon buɗe ido. Bayan wasa ɗaya daga cikinsu, wani Bazazzagi mai tabarau, ya zagayo ya yi mana sallama. Kawu ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Da aka gama gaisuwa ya ce, "Malam, kun san abin da aka rubuta a allon can?"

Muka ce a'a. Ya ja mu gaban allon ya karanta mana da Hausa. Wai mu mutanen daji ne da aka kamo daga ƙurmi, ba mu taɓa ganin tufafi ba, wuta ce abincinmu, Kawu kuma bokan ƙabilarmu ne. Kawun da ya sauke Alƙur'ani tun ban zo duniya ba. Ya cire hular gashin a hankali ya ajiye a ƙasa, ya ce, "Isiyaku, wata biyu ke nan muna wucewa ta gaban wannan allo muna gyara tsayuwa."

Na sami Mista Jona na shaƙe wuyan kwat ɗinsa. Ya ce ba shi ya rubuta ba, allon ya girme mu, an yi shi ne don wasu da suka zo shekarun baya, fenti kawai aka sabunta. Ɗaliban suka rubuta wa jarida, suka kuma zo suka tsaya a ƙofa da kwalaye. Aka dakatar da wasanmu kwana uku. Na huɗu aka sauke allon, aka kwashe damisa da ƙasusuwa, aka ce mu sa rigunanmu na gida, mai lasifika ya riƙa kiranmu manyan baƙi daga sabuwar ƙasa. Na ji daɗin rigata. Amma mutum cikin riga yana lasar fenti daga nesa ba abin kallo ba ne, sai 'yan kallo suka ragu, aka mai da wasanmu sau biyu, daga baya sau ɗaya. Na kasa gane ko ɗaliban nan taimakonmu suka yi ko akasin haka. Har yanzu ina ganin taimako ne, amma a lokacin kaina ya kulle.

Damshin teku ya shiga fatar dundufa, ta saki, sautinta ya koma kamar ana dukan buhu. Kowace safiya sai Kawu ya kai ta rumfar Sajan ya gasa a gefen wuta. Damshin nan ya shiga ƙirjinsa shi ma, ya kama tari. Wata rana wasu mutane suka zo da na'ura suka ce ya yi musu kiɗa, na gaske, da kirari. Kawu ya ji daɗi an nemi abinsa, ya zage ya yi, ya kira kakanni uku da aka saba. Bayan mako guda muka ji muryarsa na fitowa daga lasifika shi yana tsaye bakinsa a rufe. An mai da shi faifai. Aka ce ya riƙa ɗaga sanda kawai yana saukewa kada ya taɓa fata, don ya huta. Bai daɗe yana wannan ba tari ya kayar da shi, Sajan ya kai shi asibiti a motarsa ta ɗaukar kaya.

Kawu na da kwana biyar a asibiti aka ce mai filin zai zo daga babban birni da baƙi. Ban taɓa ganinsa ba. Mista Jona ya zo da fara'a ya ce an samo takardar izini ta yini ɗaya, za a zuba yashi a dandamali, 'yan kwana-kwana za su tsaya da bokitai, za a yi wuta ta gaske. Ƙarfen kuma a rumfar Sajan za a gasa, a kawo a kasko. Na hangi Mista Hali yana girgiza kai yana magana da wani mai sigari a baki, wanda aka ce shi ne mai filin, mai sigarin yana dafa masa kafaɗa.

Sajan ya ja ni gefe ya ce, "Kada ka yi. Wutana kwal ne, ba gawayi ba. Ƙarfe kuma ba irin naka ba. Ka ce ba ka lafiya."

Na ji shi. Amma wata biyu ina ƙarya a gaban mutane, ga rana ɗaya an ba ni in nuna abin da na gada. Na ce zan yi.

Aka buɗe labule. Muryar Kawu ta fito daga lasifika tana kiran kakana na farko. Na tsaya ina jiran tsimin nan da ke tasowa daga tafin ƙafa. Ya kira na biyu, ya kira na uku. Jikina sanyi ƙalau, kamar na fito wanka. Na waiwaya inda Kawu ke zama, ba kowa. Mutane sun yi tsit, mai sigari na kujerar gaba ya harɗe ƙafa. Na ce bismillahi na kai hannun dama na damƙi ƙarfen.

Ƙaurin na fara ji kafin zafin. Na yi ƙara, na yarfe, ƙarfen ya ƙi barin tafina sai da ya tafi da fata. Abin da ban manta ba, tafi suka yi. Sun ɗauka cikin wasan ne. Suna ta tafi har Mista Hali ya jefar da ƙararrawarsa ya rugo ya tsoma hannuna cikin bokiti, ya ja labule da ɗaya hannun.

Asibitin da Kawu yake nan aka kai ni. Bayan kwana biyu wata nas mai kirki ta tura ni a keke har bakin gadonsa. Ya dubi bandejin ya daɗe, ya ce, "Wa ya yi maka kiɗa?"

Na ce, "Kai, Kawu. A faifai."

Ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Ya ce muryarsa ce ta ƙone ni, da bai ba su ba da ban yarda na hau ba. Sajan ya ce kwal ne, ai ya riga ya gaya mini. Likita ya ce duk wanda ya damƙi jan ƙarfe zai ƙone, abin mamaki shi ne da ban ƙone tun da ba. Ni kuma a raina fentin nake zargi, ina ganin wata biyun nan da na yi ina wasa da abin gado ne suka kore shi daga jikina. Kowa da nasa, ban san na wa zan ɗauka ba, kuma har na tsufa ban sani ba.

Da aka sallame ni na je fili, na tarar an goge sunanmu daga jerin masu wasa, an ƙara wa mai karnuka lokaci. Mista Jona kuwa ya bar gari tun daren da na ƙone, an ce ya bi wasu makaɗa zuwa wata ƙasa. Fasfo ɗinmu a aljihun tebur ɗin ofis aka same su, amma takardar jirgin komawa da ya ce tana hannunsa babu ita, bai taɓa yankar ta ba. Ga zafin nasu ya fara ƙarewa, ana rufe rumfuna ɗaya bayan ɗaya, ga tsoho a asibiti, ga ni da hannu ɗaya. Sajan ya shimfiɗa mini katifa a gidansa, matarsa tana yanka mini burodi ƙanana don in iya ci da hagu.

Sai wani Bature ya zo daga kamfanin inshora da jakar takardu. Aka zaunar da ni a ofis, Sajan na tafinta, Mista Hali na tsaye jikin bango fuskarsa fari fat. Tambaya ɗaya mutumin ke ta juyawa: wa ya umarce ni in ɗauki ƙarfen? Sajan ya raɗa mini cewa mai fili ya ce Mista Hali ne ya shirya komai, in na tabbatar da haka za a kore shi, ba kuma mai sake ɗaukarsa aiki. Na dubi mutumin da ya taka mini zugazugi, ya ba ni fenti na lasa. Na ce a rubuta: mai sigari ne ya so, ni na yarda da bakina, wannan kuwa na gan shi da idona yana girgiza kai. Aka rubuta, na dangwala babban yatsan hagu.

Ban san abin da ya gudana a tsakaninsu ba bayan nan. Na dai san Mista Hali ya yi ta hawa jirgin ƙasa zuwa babban birni yana dawowa, har ranar da ya zo gidan Sajan da takardun jirgi guda biyu ya ajiye a gabana. Ya zauna aka ba shi shayi. Karo na farko ke nan da na gan shi zaune. Na ce Sajan ya tambaye shi abin da ya daɗe yana cina: a filin nan, wa ke cewa a yi wasa ko a fasa?

Mista Hali ya fara lissafi da yatsu. Ya ce akwai sama, akwai hukumar gari, akwai 'yan kwana-kwana. Ya ce akwai mutumin inshora da bai taɓa kallon wasa ko ɗaya ba. Akwai duk wanda ya iya rubuta wasiƙa zuwa jarida. Akwai mai fili, shi ma akwai waɗanda yake tsoro.

Na ce, "Shi fa?"

Sajan ya tambaye shi, ya juyo yana murmushi. "Ya ce shi ƙararrawa kawai yake bugawa. Da safe ake gaya masa, kamar kai."

Masabata da uwar maƙerar na bar wa Sajan, don ba hannun ɗauka. Kawu a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka shigar da shi jirgi, na ɗauka a teku za mu binne shi. Amma da muka yi mako guda, iska ta fara ɗumi, sai ya nemi a fito da shi rana. Kafin mu iso Ikko yana cin abinci da kansa. Jirgin ƙasa ya kawo mu Funtuwa, motar gyaɗa ta kawo mu Dutsin-Ma ranar kasuwa. Mutane suka yanyame mu suna tambayar yadda Ingila take, na ɓoye hannuna cikin riga na ce lafiya lau. Kawu ya wuce Wurma. Ya ƙara shekara shida a duniya, yana kiɗan bikin maƙera, amma bai sake yi mini ba, ni ma ban sake nema ba.

Na isa Tamawa da la'asar. Mahaifina, wanda shi ne Sarkin Maƙeran garin, yana maƙera, yayana Sada na yi masa zuga. Na durƙusa na gaishe shi. Labari ya riga ni isowa. Ya ajiye awartaki ya ce, "Mu gani."

Na fito da hannun. Yatsu uku sun lanƙwashe sun manne da tafi, ba sa buɗuwa. Ya riƙe shi cikin nasa hannuwan, ya juya gaba, ya juya baya, ya danna tabon da babban yatsa. Ina jira ya tambaye ni yadda aka yi, na shirya amsoshi tun daga teku. Bai tambaya ba. Ya saki hannun a hankali, ya dubi tarin laujen da ke gefensa, ya ce wa Sada ya tashi.

Ya ce, "Kaka ta yi, laujen mutane duk sun dakushe. Zauna ka yi mani zuga."

Na naɗe hannun riga na zauna.